Neman Asabe Mai Lema a Dubai

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta ƙofar kemis, a ɗakin malamai, har a bakin masallaci ranar Juma'a, kowa sai ya ce, "Malam Habu, yaya Dubai?" Daga nan sai ido ya sauka a wuyan hannuna, ana duba ko akwai sabon agogo. Babu agogo, babu turare, babu zinare. Mutane suna zuwa Dubai su dawo da kwantena, ni kuwa na tafi da bututun roba irin na masu gyaran famfo, na dawo da shi da takarda guda a ciki. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Dole in fara da Baba, in ba haka ba za ku ɗauka taɓuwa na yi. Mahaifina mai sharhin majigi ne a zamaninsa. Yaran yanzu ba su san majigi ba. Mota ce take zuwa gari, a kafa farin ƙyalle a fili, a haska fim. Kafin a nuna na tsafta ko na noman gyaɗa, sai a fara jawo jama'a da wasu tsofaffin finafinan Turawa, irin waɗanda ba magana a cikinsu, sai motsin baki da zare ido. Aikin Baba shi ne ya riƙe lasifika ya ba mutanen nan baki da Hausa. Ba wanda ya taɓa gaya masa abin da suke cewa, daga kansa yake ƙirƙira. Sunaye ma shi yake raɗa musu. Akwai wata mai manyan idanu da ba ta rabuwa da lema. Ranar Asabar faifanta ya iso hannunsu, sai ya sa mata Asabe.

Da ya auri mahaifiyata, sai ya ari salon maganarta ya ba Asabe: yadda take jan ƙarshen kalma, da yadda take faɗa ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashi. Ta rasu ina ɗan ƙarami, ba ta bar hoto ba, balle kaset. Abin da ya rage mana shi ne wata tsohuwar fasta ta Asabe da wani Kwara mai gidan silima ya ba Baba. An datse ƙasanta da almakashi don ta shiga firam, sunan matar na gaskiya ya bi abin da aka datse. Bayan la'asar Baba yakan zauna gaban fastar nan a zaure ya yi mana Asabe, gwaggonnina su riƙa share ido suna cewa kamar marigayiya ce ta shigo. Iyakar abin da na sani na muryar uwata ke nan.

Wata damina bangon zauren ya zube da fastar a jikinsa. Tun daga ranar Baba bai sake yi ba. In na roƙe shi sai ya ce, "Ni fuska nake kallo bakina ya buɗe. Ba na magana da bango." To, daga nan na kamu da ciwon tara fastocin taurarin wancan zamani. Na bi gidajen silima da suka koma sito, na bi 'ya'yan Kwarori, na bi fatake masu fita waje. Yawancin abin da na samu sabon bugu ne, na asali 'yan kaɗan. Matata Binta tana kiran ɗakin da nake jera su gidan bebaye. Akwai masu gashin baki, akwai masu dogayen huluna, amma babu Asabe. Bana kuma likita ya ce idon Baba yana ƙarewa, ɗan hasken da ya rage ba zai daɗe ba. Na kwana na tashi da maganar nan, domin in idon ya rufe, muryar ta tafi ke nan.

Ana cikin haka Alhaji Sule ya bugo mini waya. Abokina ne tun firamare, yanzu yana harkar kago, wato jigilar kaya, a Dubai. Ya ce, "Habu, akwai wani Ustaz a nan Al Rigga, yana da irin takardun banzan nan naka har sito guda. In kana so ka zo, in nema maka biza. Masauki kuma khalas, ba matsala." Ban tsaya dogon tunani ba.

A jirgi na faɗa tsakiyar Hajiyoyi 'yan kasuwa, waɗanda suka san hanyar nan kamar hanyar gidan biki. Ta kusa da ni ta dubi bututun da na rungume, ta ce, "Malam, wane kaya kake yi?" Na ce fasta zan sayo. Ta ce, "Taliya har Dubai? Ga ta nan jibge a kasuwar Singa." Na yi ta bayani, ta yi ta gyaɗa kai. Da muka sauka Addis canza jirgi na ji tana gaya wa 'yar'uwarta wai in sun ga mai taliya su kula da shi, baƙon hanya ne. Sun kuwa kula da ni, har dambun nama na samu.

A filin jirgin Dubai bututun ya sake jawo mini kallo. Jami'in kwastan, wani saurayi cikin farar jallabiya, ya buɗe murfin nan, ya buɗe wancan, ya ɗaga ya leƙa, sai ga idonsa yana kallona ta ɗaya bakin. Ya tambaye ni da Turanci me ke ciki. Na ce babu komai tukuna. Ya ce ya ga masu ɓoye kaya iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda ya ɗauko babu tun daga Afirka ba. Ya yi murmushi ya miƙo mini abina. Na lura a can ba a ɗaga murya, ba kuma wanda ya ce in ba shi na goro.

Sule ya tarbe ni, ya yi ƙiba, Hausarsa ta cika da Larabci. Masaukinsa a Abu Hail yake, fulat ne a wani tsohon bene, inda 'yan kasuwarmu ke sauka. Gadaje ne wani kan wani irin na makarantar kwana, ko'ina kwalayen takalma da na wayoyi. Aka ba ni gadon sama, ni da gwiwata mai ciwo. Iyakwandishan ba ya hutawa, kafin gari ya waye na kwashi mura a ƙasar da rana ke gasa mutum. Abinci shinkafa ce da naman rago a babban faranti, mai laushi amma lami. Da na fito da ƙullin yajin da Binta ta cusa mini a jaka, sai ga mutanen da ba su amsa sallamata da kyau ba suna kirana Babban Malam.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin gaisuwa. Mutum ya shekara ƙofa da ƙofa da maƙwabcinsa bai san sunansa ba. Na haɗu da wani a lifta, na gaishe shi, na tambayi iyali da gajiya kamar yadda aka koya mana. Sai ya matsa lungu ya ƙanƙame jakarsa. Sule ya ce, "Habibi, nan ba Kano ba ce. Wanda ya yi maka doguwar gaisuwa a nan, wani abu yake so ya sayar maka." A jirgin ƙasansu kuma, wanda ba direba, na hango wani sashe da sarari na kutsa abina. Ina murna na samu wuri, sai na ga mata zalla suna kallona. Ashe wani layi da aka ja a ƙasa shi ne iyakar sashen mata. Sule ya fizgo ni ta wuyan riga yana ba su haƙuri.

Ranar da za mu je wurin Ustaz na sa babbar rigata ta Juma'a. Duk hanya ina ta saƙe-saƙe: yaya aka yi malamin addini yake tara hotunan mata masu lema? Na shirya gaisuwa irin ta almajiri ga shehinsa, har da 'yar addu'ar da zan nema wa Baba. Muka bi Al Rigga, muka wuce otal-otal da shagunan canji, muka hau wani matsattsen bene. Sai ga wani tsoho Bamisre, ba gemu ko ƙwara, wandonsa rataye da igiyoyi a kafaɗa, kyanwa tana barci a kan teburinsa. Na riga na rusuna kafin in ankara. Sule ya danne dariya ya ce, "Tashi, mutumina. A wurinsu ko mai gyaran rediyo Ustaz ne. Sunansa Fu'ad."

Shagon ƙarami ne, amma da na ɗaga kai sai na ga ba masaka tsinke a bangon. Fuskoki ne tun daga ƙasa har rufi, na asali, takardunsu sun yi ruwan ƙasa don tsufa. Abin da na shekara da shekaru ina bi gida-gida ban samu rabin rabinsa ba, ga shi a bango ɗaya. Ustaz Fu'ad ya kawo mana shayi mai madara, ya jawo kwamfuta, ya ce in gaya masa sunan wadda nake nema.

Na ce, "Asabe."

Wallahi haka bakina ya faɗa, ba tare da na yi tunani ba. Ya ce in jero masa haruffan, na jero, ya buga. Ya gyara tabarau, ya sake bugawa. Ya tambaya ko 'yar Jamus ce, ko 'yar Faransa. A nan ne hankalina ya dawo jikina. Ni, malamin makaranta mai furfura, na ƙetare teku ina neman Baturiya da sunan da ubana ya raɗa mata a filin ƙwallon garinmu. Sule ya kifa kai a kan tebur yana dariya har kyanwar ta tashi.

Ustaz Fu'ad bai yi dariya ba. Ya ce wa Sule, "Shwaiya, shwaiya," wato a hankali, sannan ya ce in ba shi labarin daga farko. Na ba shi da guntun Turancina, inda na maƙale Sule ya cike da Larabci. Da na gama, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce kakansa shi ma a gindin farin ƙyalle ya ci abinci, a Iskandariyya, amma shi kiɗa yake yi musu da piyano. Ya ce gidan silimar da kakan ya yi aiki yanzu shagon takalma ne, ya je sau ɗaya bai sake komawa ba. Sannan ya nuna bangon da hannu ya ce, "Rabin rayuwata ina zaune da mutanen nan, ba wanda ya taɓa ce mini uffan. Ashe a garinku suna magana."

Ya ce tunda ba suna, sai dai a bi lema. Manyan kayansa suna wani sito a Jebel Ali, in mun shirya gobe mu tafi.

Hanyar Jebel Ali doguwa ce, ka bar benaye masu ƙyalli a baya ka shiga duniyar kwantena da manyan motoci. A nan Sule yake kamar kifi a ruwa, yana waya da kunne biyu, yana yi wa wani faɗa a kan kayan da ba a loda ba. Siton Ustaz wani lungu ne a cikin babban sito, tsakanin tayoyi da injinan ɗinki. Ya sa fararen safar hannu, ya ba ni nawa, ya ce ba a taɓa takardar da ta girmi uban mutum da hannu tsirara. Yana jawo faffaɗan durowa, yana ɗaga fastocin ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu, a hankali kamar mai juya jariri.

A nan na gane abin da ban taɓa zato ba. Ashe matan wancan zamani kusan duk da lema aka zana su. Ga mai lema a kafaɗa, ga mai lema a rufe, ga wadda ta leƙo ta ƙarƙashinta. Dukansu manyan idanu, ƙaramin baki, gashi a naɗe. Kowace aka ɗaga sai in ce ita ce, in sake duba in ce a'a. Na rufe ido don in kira fuskar da ke zaurenmu, sai na tarar ba ta nan. Ina ganin firam ɗin, ina ganin tsagar gilashin, ina ganin bayan kan Baba da hularsa, amma fuskar ta narke. Ashe duk shekarun nan ba fastar nake kallo ba, kunne kawai na kasa. Na nemi wuri a kan wata taya na zauna.

Sule ya kashe wayarsa ya zo ya tsaya kaina. Ya ce, "Habu, yalla, ka ɗauki kowace. Tsohon nan idonsa ya tafi, ina zai bambance? Ka ce masa ita ce, khalas."

Na ce, "Sule, mutumin da ya yi shekaru yana kallon bakin mace yana sa mata magana, shi zan yi wa wannan?"

Ustaz Fu'ad ya ce ko zan gwada yi musu muryar, wataƙila ta jawo fuskar. Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai tari. Sai na ji Sule, wannan Sulen mai kwantena, ya ce a hankali, "Asabe, hadari ya taso." Na ɗaga kai. Ya ce, "Haka muke ihu in ta fito a ƙyalle, ka manta? Sai Baba ya amsa da muryarta, wai ina ruwanku, a kanku zai zuba?" Ya juya baya yana duba wata taya da ba tasa ba. Ni ban ma san yana tuna majigi ba.

Muka ci gaba har la'asar. A ƙarshe na tsaya a kan wata mai ɗan karkata kai, lemarta a kafaɗar hagu, tana kallon gefe kamar an kira ta daga cikin gida. Ban ce ita ce ba, amma ita kaɗai ce na kasa wucewa. Ustaz ya nuna mini sunanta a ƙasa, dogon suna mai wuyar faɗa. Ya ce ba ta yi tashe ba, finafinanta ma sun ɓace, da wuya a sami mai tuna ta a ƙasarsu. Ya naɗe ta cikin farar takarda mai laushi, ya zura a bututuna da kansa. Da muka zo rabuwa ya riƙe hannuna ya ce, "In ta yi magana, ka gaya mini abin da ta ce."

Sauran kwanakin ban san yadda suka wuce ba. Sule ya kai ni na ga dogon benen da kowa ke ɗaukar hoto a gindinsa, na ɗaga kai hulata ta faɗi. Hankalina yana gida. A jirgin dawowa ma'aikaciya ta so ta karɓi bututun ta sa a sama, na ce ta bar mini abina a cinya.

Na iso da hantsi. Baba yana zaure a kan buzunsa, an jingina shi da matashi. Bayan gaisuwa na durƙusa na ce, "Baba, na zo da wata. Ban tabbata ita ce ba." Binta ta riƙe gefe ɗaya, na riƙe ɗaya, muka matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya kawo fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa takardar. Ya bi ta daga lema zuwa haɓa, ya koma ya sake bi.

Ya koma ya jingina. Ya ce, "Ba ita ba ce."

Na ce to. Na fara naɗe takardar.

Ya ce, "Kai, haka ake yi? Baƙuwa ta taso daga nisan duniya, ko ruwa ba a ba ta ba za ka naɗe ta? Ba ita ba ce, amma 'yar garinsu ce, ga goshin nan. Ku ɗaga ta."

Muka ɗaga. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce da muryarsa ta tsufa, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Yaya kika baro su?"

Ya ƙura wa bakinta ido. Sannan wata siririyar murya ta fito daga ƙirjinsa, ƙasa-ƙasa, tana jan ƙarshen kalma.

"Lafiya lau suke. Ta ce a gaishe da mai gidan." Muryar ta ɗan tsaya. "Ta ce kuma in duba mata wancan. Wai ya girma?"

Ni ɗan fari ne, uwata ba ta taɓa kama sunana ba. Baba bai juyo ya dube ni ba. Ya amsa wa baƙuwar da muryarsa, ya ce, "Ya girma. Ga shi nan riƙe da ke, har ya yi furfura."